Ɗaurin da Likita Yake Nufi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina fatan kabarinki cike yake da haske. Tun rasuwarki ban yi kewarki irin ta makon nan ba.

Kin san Turanci nake koyarwa a nan Dutse. Akwai wata 'yar kalma, "tie", da nake jin daɗin koya wa yara. Ita ce ɗaure maruƙa, yadda kike jera su a igiya a rugarmu ta bayan Taura. Ita ce canjaras a ƙwallo, ita ce zumunci, har tsumman nan da 'yan boko ke shaƙe wuyansu da shi. Ranar da na faɗa miki kika yi dariya, kika ce ashe Bature rowar magana gare shi.

To Inna, yau kalmar ta juyo kaina.

Kin tuna ɓarin da na yi ta yi. Sai da likita ya ɗaure mini bakin mahaifa sannan cikin Hafsa ya zauna. Kina riƙe da hannuna kina cewa, "Daure, Binta, daure."

Bana na sake haihuwa, yaron bai zo da rai ba, zuciyata kuma ta kumbura. Likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ni, gara a ɗaure mahaifar gaba ɗaya. Da Turanci ya faɗa, da kalmar nan. Baban Hafsa ya tambaye ni me ya ce, na ce ɗauri za a yi. Wallahi sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauka irin na farko ne, mai riƙe ciki. A hanya har tsire ya saya mini, yana cewa in namiji ne sunan Baffana zai sa masa.

Ni malamar Turanci guda, na kasa fassara kalma ɗaya. Tsoro nake ji, Inna. Ina tsoron in mutu in bar Hafsa, ina tsoron ganin fuskar nan tasa ta sauya. Da kina nan, duk da kunyar surukuta, da kin san dattijon da za ki tura masa.

Jibi za mu koma asibiti. Ga Baban Hafsa can tsakar gida yana tsokanar Hafsa, wai ta fara koyon goyon ƙane.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki. Ni kuma Ya buɗe mini baki kafin likita ya riga ni.

'Yarki,
Binta