Kwamfutar da Na Goge da Dutsen Kaushi

Birnin Gwari, Lahadi

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Raudatu da yara. Tunda har yanzu ba a maido mana da sabis ɗin waya ba, ga takarda ta hannun Bakoji direba.

Yaya, kwamfutar nan mai tsada da ka saya wa maigidana, Abban Bushira, ta mutu tun Alhamis. Ba gori nake maka ba, amma ka tuna na ce kuɗinta zai sayi masu araha uku, ka yi mini dariya ka ce araha ba ta ado. Ka ce batirinta wuni yake yi, ba ta da nauyi, kuma ba ta buɗuwa sai da yatsan mai ita. Duk gaskiya ne. To mun kai ta wurin Wakili mai gyara a bakin kasuwa, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce ko sukudireban da zai kwance ta babu a garin nan. Sai Kaduna.

A cikinta akwai sunaye da hotunan ɗalibansa arba'in da bakwai masu jarrabawar fita sakandare, ga shi Juma'a za a rufe rajista. Rabinsu 'yan Randagi ne, iyayensu sun watse bayan harin 'yan bindiga, ba inda za a sake tara su. Na ce a ba Bakoji ya kawo maka, sai muka tuna da yatsan. Ko an gyara, sai shi da kansa. Abin da ka fi yabawa shi zai fitar mini da miji kan hanyar nan, kuma ka san abin da dajin ya zama. Wallahi tsoro nake ji.

A gaida kowa.
Ƙanwarka, Bara'atu

Birnin Gwari, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Jiya da safe Abban Bushira ya shiga motar Bakoji. Har yanzu ba mota ɗaya da ta dawo. Patience, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu, ta ce an tare hanya a cikin daji an shige da mutane, amma ba wanda ya san su wa da wa. Bushira ta ƙi cin abinci, tana zaune a bakin ƙofa. Wani mai babur zai bi ta bayan gari, shi na ba wannan takardar.

In ya iso, don Allah ka aiko ko da layi ɗaya ne. Kuma in ka ga abin da ya sami murfin kwamfutar, kada ka yi masa faɗa. Ni ce.

Taka, Bara'atu

Birnin Gwari, Asabar

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Ya dawo jiya, an yi wa yaran rajista dukkansu, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarka. Haba Yaya! Layi biyu ka ba wa isowarsa, shafi guda ka ba wa murfi. Wai masu shagon sun ƙi karɓarta a kan garanti saboda an kankare ta, wai na wulaƙanta kyautarka. Na san shi da kunya, bai faɗa maka komai ba. To bari ka ji.

Mu a nan, mai bin hanyar nan yakan cire agogo, ya sa tsohuwar riga, don da ido suke yi wa mutum kuɗi. Ya yi duk wannan, amma ga abu a jakarsa yana ƙyalli kamar sabon kwano. Da safen da zai tafi na ɗauko dutsen da nake goge kaushi, na zauna na dirje murfin nan ina kuka, na shafa masa baƙin tukunya, na ɗaure da roba.

Motarsu tana cikin waɗanda aka tare. Aka jera su a gefen titi ana zazzage jakunkuna. Wanda ya ciro kwamfutar ya danna ta ƙi kawowa, ya dubi murfin, ya yi tsaki ya ce wannan ai ɗan bola ne, ya jefa masa ita a ƙirji. Mutumin da ke kusa da shi a kujera, sabuwar waya aka gani a aljihunsa, aka shige da shi daji. Yau kwana biyar, matarsa tana nan layinmu, ban iya haɗa ido da ita ba.

Ban ce ba ta da kyau ba, Yaya. Tana da kyau, a Kaduna. In Allah ya sake hore maka, ka sayo mana mai araha, mai nauyi, mummuna, wadda Wakili zai kwance a bakin kasuwa ina tsaye ina kallo. Garantin kuma na ji ya tafi. Mijina yana tsakar gida yana alwala.

A gaida Anti da yara.
Ƙanwarka har kullum, Bara'atu