Tagogin Kaka Sun Yi Fari

Ha Rantsi, Mokhotlong
Alhamis, 13 ga Yuli, 2023, ƙarfe uku na yamma

Zuwa ga Goggona 'Matumelo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Kafin komai, Kaka tana raye, kuma babu abin da ya taɓa jikinta. Ina rubutu ne a kan bencin asibiti, hannuna na hagu a naɗe, an yi masa ɗinki bakwai. Wayata ta fashe, shi ya sa zan ba direban motar da ke saukowa wajenku a Durban gobe ya kawo miki. Sauran mutanen gida lafiya lau. Jaririn Mpolokeng ya fara haƙori, saniyar nan baƙa kuma ta haihu duk da sanyin bana.

Ki yi haƙuri in fara daga farko, don ba na son labarin ya iso gare ki a karkace. Kin tuna abin da likita ya faɗa: ko dai a gyara ɗakin Kaka ya riƙe ɗumi, ko ta sauko wurinki, domin ƙirjinta ba zai ɗauki wani hunturu irin na bara ba. Kin kuma san amsar da ta bayar, cewa gawarta ce kawai za ta yi nisa da kabarin mijinta. Tagogin da kika aiko, masu gilashi biyu da iska a kulle a tsakani, sun yi aikinsu. Phakiso kafinta ya saka su huɗun yadda ya kamata, ina tsaye a kansa, babu inda iska ke shiga. Tarinta ya ragu, ta daina kwana da barguna uku, har tana tsokanar ƙawayenta wai su karkaɗe sanyinsu a waje kafin su shigo mata.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka sai gilasan uku da ke kallon hanya suka soma yin fari, daga gefe zuwa tsakiya, har suka rufe. Daga nesa, Goggo, ba ki bambanta su da tagar da aka shafa wa toka don an yi mutuwa a gida. Mata biyu daga ƙetaren rafi sai da suka zo ta'aziyya, kawunansu a lulluɓe. Kaka ta tare su a ƙofa tana dariya, ta ce sun yi sammako, ba a ɗora tukunyar makoki ba tukuna, in kwaɗayin nama ne ya kawo su to su dawo baɗi. An yi dariya. Amma da aka goge gilashin ta ciki aka goge ta waje farin bai motsa ba, sai dariyar ta ɗauke. Na yi musu bayani iya abin da na karanta a makaranta. An kulle iskar nan ce a can wajenku bakin teku, da aka hawo da ita kan duwatsunmu sai ta kumbura ta tsage manne, danshi ya shiga ya daskare. Ina da yaƙinin haka ne, ko da yake ba ni da abin gwaji. Tsofaffi suka gyaɗa kai, suka ce ɗiyarmu ta yi karatu, sannan suka koma suna raɗa cewa tokar da hannu ba ya kaiwa gare ta, ba hannun alheri ne ya saka ta ba.

Shekaranjiya da hantsi Baffa Mohapi ya dawo daga kwarin da yake kiwon hunturu, inda waya ba ta kamawa. Bai taɓa ganin tagogin ba. Daga kan tudu ya hango farin tagogin, ya sakar wa dokinsa linzami ya sauko a guje yana kururuwa, yana kiran sunan uwarsa, yana cewa wane ɗan banza ne ya binne ta ba a aika masa ba. Ya banko ƙofa da hawaye a fuska, ya tarar da ita zaune tana shan kunun dawa. Ta dube shi ta ce in ya gama kukan ya rufe mata ƙofa, yana shigo da sanyi. Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Sai ya juya ga tagar, ya goga da gefen bargonsa, ya fita ya goga ta waje, ya kankara da wuƙa. Mutane sun riga sun taru saboda ihunsa, wani daga baya ya ce ai a ciki aka dasa tokar, a tambayi wanda ya saka tagar.

Phakiso yana gyaran ƙofar garke a maƙwabta, ya taho da murmushinsa yana yi wa Baffa sannu da hanya. Baffa bai amsa ba. Ya tambaye shi nawa aka ba shi ya kira wa tsohuwa mutuwa. Phakiso ya zaci wasa ne, ya ce da a ce mutuwa na jin kiransa, da surukarsa ya fara kira wa. Bai rufe baki ba sandar Baffa ta sauka a gefen kansa. Kin san sandar, mai nauyin nan da aka naɗe wa waya. Na ji ƙarar kamar an fasa kabewa. Ya durƙusa yana tare kansa, bugu na biyu ya karya masa hannu, na ga ƙashin ya turo fata. Baffa ya ja shi da wuyan riga a kan ƙanƙara har gindin taga, ya manna fuskarsa da gilashin, yana cewa ya lashe tokarsa tunda shi ya san hanyar da ya bi ya zuba ta. Jini ya zubo a kan gilashin ya gangara. Maza suna tsaye da bargunansu, babu wanda ya matsa, ina jin wani yana cewa a bar shi ya faɗi wanda ya aiko shi.

Na shiga tsakani ina maimaita maganar iska da tsayin dutse. Baffa ya ce in kauce, 'yar takarda, wai an tura ni birni na dawo ina koya wa iyayena iska, shi da ya kwana cikinta tun ban san hanyar bakina ba. Ya ɗaga sanda ya kai wa tagar. Gilashin waje ya tarwatse, na ciki ya tsaya, abin ya ƙara tunzura shi, ya dinga duka har firam ɗin ya karkace. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har ta huɗun da ba ta yi fari ba. Na riƙe masa hannu a ta uku, ya wurgar da ni cikin ɓaraguzan, a nan na yanke, a nan wayar ta tafi. Ban yi tsammanin ni ya nufa ba, kuma ina so ki san haka.

Kaka ce ta tsayar da shi. Ta fito ba takalmi, tana taka gilashi, ta miƙa hannu, ya ba ta sandar. Ta koma ciki ta cusa ta cikin murhu, ta ce tunda ya buɗe mata ɗaki ga sanyi, sandarsa ce za ta fara ɗumama shi. Ta ce masa kuma ta haifi namiji ashe, mai iya yaƙi da taga da kafinta. Ya tsaya yana kallon hannuwansa, sannan ya hau doki ya tafi. A kan ƙyauren garke muka ɗauko Phakiso zuwa bakin titi.

Mun toshe tagogin da buhuna da fatun tumaki, amma iska na ratsawa, ruwan da ke cikin bokiti ya daskare a tsakar ɗaki. Tarin ya dawo jiya, ya fi na da. Da safiyar yau, kafin in taho wankin ciwo, ta sa na raka ta kabarin mijinta. Ta daɗe a durƙushe, na matsa gefe don kada in ji abin da ba nawa ba. Da muka dawo ta ce in rubuta miki ki zo ki ɗauke ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ba sanyi ne ya kore ta ba, zama ne ba za ta iya ba a garin da aka tsaya ana kallo ana fasa kan ɗan mutane da sunanta. Don Allah ki taho da kanki, da mota mai ƙarfin hawa, kada ki jira ƙarshen wata.

Ki gaishe mini da maigidanki Baba Lebakeng, da Rethabile da ƙaninta Katleho, da 'Manthati maƙwabciyarki. Mpolokeng tana gaishe ku, Kaka ma haka.

Ga abin da ban sani ba, kada ki tambayi direban, shi ma bai sani ba. Ban sani ba ko idon Phakiso na dama zai sake gani, likita ya ce sai kumburi ya sauka. Ban san inda Baffa yake ba, ko 'yan sanda ne za su fara samunsa ko 'yan'uwan Phakiso. Ban gane muryar wanda ya yi magana daga bayan taro ba. Ban sani ba ko hanyar kan dutse za ta kai Lahadi a buɗe. Na tambayi Kaka ko in ajiye mata irin wakenta don shukar bana, ta ce in raba wa mata, ban kuma sami ƙarfin tambayarta dalili ba.

'Yarki mai jiran isowarki,
Tlotliso