Furen Kabarin Mirlande

Lahadi, 4 ga Yuni
Na je kabarin matata Mirlande. Shublak ɗin da na dasa mata, irin jan furen ƙofar gidanmu na Haiti, ya mutu. Sanyi ya ƙone shi ƙurmus. Kaburburan garin nan na Osorno duk ja da rawaya, furen roba. Nata kaɗai ne toka-toka. Matar da ko zuwa jana'iza sai ta ɗaura jan kallabi.

Laraba, 14 ga Yuni
Ruwan sama, ruwan sama. Ga ciwon gwiwa.

Asabar, 1 ga Yuli
Don Eleuterio mai kula da maƙabarta ya ce, "Maƙwabci, kana ta kawo furen rana garin da rana ta yi yaji. Sa kameliya, cikin sanyi take fure."
Na ce yaushe?
"'Yar ƙarama? Shekara uku, in ta ga dama."
Na ce shekara uku a cikin wannan firjin? Ya yi dariya, wai ai uwargida ba sauri take ba. Na ji haushi. Amma ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ya riƙe mini lema ranar da aka binne ta.

Lahadi, 16 ga Yuli
Ƙanena Dieufort ya kira. A Satumba za su bar ƙasar nan, su kama hanyar arewa. "Yaya, me ya rage maka a nan? Gadin ƙasa za ka yi?" Da gaskiyarsa. Na tsufa a wurin lodin katako, kuma har yau kujerar kusa da ni, baƙin mutum, ita ce ƙarshen cika a bas.
To in na tafi, wa zai zo mata?

Talata, 1 ga Agusta
Na sayi furen roba. Ba ya neman ruwa, ba ya neman kowa, daidai da mai shirin tafiya. Na ajiye, na tsaya ina kallo. Da tana nan cewa za ta yi, "Wilner, ni ka kawo wa tsintsiyar kanti?" Na mayar da shi kan kabarin gefe, wanda ban taɓa ganin kowa a kansa ba.

Lahadi, 13 ga Agusta
Kameliyar da na sayo ba ta kai kamu ɗaya ba, ko toho babu. Don Eleuterio ya ara mini shebur. Ya ce ranin farko sai an ba ta ruwa duk mako, shi kuwa bayansa ya daina ɗaukar bokiti. Na ce na ji.
Dieufort ya kira, ban ɗauka ba. Zan kira shi. Ba wai na fasa tafiyar ba ne. Kawai dai a nan sai Janairu rani yake kankama.