Shafin Inna

Gidan Tambaya, Kura
Fabrairu, 2006

Zuwa ga Anti Nafisat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin koma jami'a lafiya. Ni ce Sa'a, wadda ta riƙa raka ki gidajen mata lokacin da ajinku ya zo rubuta al'adun garinmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na gama.

Anti, ranar da kika zauna da Inna, mahaifiyata, ina bayan zana ina yanka tumatirin shanya. Wallahi ba laɓe na yi ba. Na ji ta faɗi sunana da bakinta. Na ji ta ce lokacin da na yi ƙyanda a hannun Goggo da ta riƙe ni a Bunkure, ta bi bakin kanal na ruwan noman rani a ƙafa ba wanda ya sani, ta leƙa ni ta katanga, ta dawo tana kuka. Ke kuma kina ta rubutawa.

Ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" take ce min. Yanzu mai gari ya ce za ku dawo ku karanta wa mutane abin da kuka rubuta. Iya, mahaifiyar Baba, a gaba za ta zauna. Tun da Goggo ta rasu na dawo gida, Iya take cewa zaman 'yar fari kusa da uwa rashin kara ne. In ta ji wannan, Dawakin Kudu za ta kai ni wurin ƙanwarta.

Don Allah ki cire shafin Inna. Ki ba Malam Hambali direban tumatir amsa.

Ki huta lafiya,
Sa'a

Kano

Ƙanwata Sa'a,

Wa'alaikumus salam. Ya Inna, ya aikin tumatir? Ashe kina da baki haka! Duk yawon da muka yi, "to" kawai nake ji daga gare ki.

Ga matsalar. Rubutun ba nawa ba ne ni kaɗai. Kowa a gurup ɗinmu yana rubuta abin da ya ji, sai mu haɗa wuri ɗaya, kowa ya gyara na wani, kowa ya sa hannu. Tun farko muka yi doka: ba a cire komai sai duka mun yarda. Iliyasu, shugabanmu, ya ce shafin Inna ya fi duk abin da muka samo. Emmanuella kuwa, doguwar nan 'yar Jos, da ta karanta sai da ta yi hawaye. Ta ce ai alheri ne yarinya ta ji a gaban kowa cewa uwarta na son ta.

Amma kwantar da hankalinki, za mu canza sunaye. Inna za ta zama "Lahadi".

Ki gaida mutan gida,
Nafisat

Gidan Tambaya

Anti Nafisat,

Salamu alaikum. Na gode da amsa, amma ban iya cin abinci ba bayan na karanta.

Anti, ko Lahadi ko Talatu, mace nawa ce a garin nan 'yarta ta yi ƙyanda a Bunkure? Kafin a gama layin farko matan za su juya su kalle ta. Inna ta faɗa miki ne don ke baƙuwa ce, ta ɗauka maganar za ta hau mota ta tafi tare da ke.

Jiya muna tsintar albasa Iya ta ce, "Wai me aka daɗe ana faɗa wa 'yar bokon nan a ɗaki?" Inna ta ce maganar girki ce. Iya ta ce, "Ma ji ranar karatu."

Ki gaya wa Anti Emmanuella na riga na ji. Ya ishe ni. In aka sake faɗa a gaban mutane, ba ba ni za a yi ba, ƙwace min za a yi.

Ki yafe min in na yi rashin kunya.

Sa'a

Kano

Sa'a,

Salam. Ina fata kina lafiya. Ba ni da labari mai daɗi.

Mun yi zama, har da ɗaga murya. Iliyasu ya ce in kowa zai zo ya cire abin da bai yi masa ba, me ya rage na bincike? Malaminmu ma ya riga ya karɓi kwafi. Laifina ne, ya kamata a ce na nemi izinin Inna kafin na kai shafin cikin na jama'a.

An raba karatun. Ɓangaren mata a hannun Emmanuella ya faɗa. Na miƙa mata wasiƙarki, ta karanta, ta ninke ta saka a jaka. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Muna tafe ranar Asabar, in sha Allahu.

Yayarki,
Nafisat

Gidan Tambaya
Maris, 2006

Zuwa ga Anti Emmanuella,

Gaisuwa da fatan alheri. Kunya ta hana ni zuwa kusa da ke ranar karatun nan.

Na ga lokacin da kika tsaya, kika haɗa shafi biyu kika juya. Na ga Yaya Iliyasu ya tashi ya fita. Sai Iya ta ce, "'Yar nan, me kika tsallake?" Kika ce, "Mama, wannan amanar wata ce." Iya ta daɗe tana kallon Inna. Inna ba ta ɗago ba.

Iya ba ta yi wa Inna magana tun ranar. Amma har yau ba wanda ya ce in ɗaure kayana.

Allah Ya saka miki.

Sa'a