Wasan waya ya sa Babana cire hula a gaban yara

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan zuciyata tana tafasa.

A majalisarmu a Gumel muna wani wasa bayan la'asar, muna ce masa Tambayi Waya. Wani ya jefa tambaya, wani ya amsa, sai a yi sachin a intanet, abin da ya fito a sama shi ne alƙali, ba musu. Wanda ya faɗi wasan ya cire hula ya zauna a ƙasa har a gama zagaye. Ni na kawo wasan, ni ke riƙe wayar.

Ranar Alhamis mahaifina, dillalin shanu ne, ya dawo daga kasuwar Maigatari ya tsaya mu gaisa. Sai wani abokina, bari in kira shi Sabo, wanda bakinsa ba linzami, ya ce Baba ma ya taɓa. Ya tambaye shi wa ya haƙa tsohuwar rijiyar ƙauyenmu na wajen Sule Tankarkar. Baba ya yi murmushi ya ce kakansa ne, har ya lissafo waɗanda suka ja masa ƙasa. Na yi sachin, sai ga wani shafi wai wani falke ne daga Damagaram. Maimakon in kashe wayar, ni uban iyayi, na karanta da ƙarfi. Aka tuntsire da dariya. Baba ya ce ai doka doka ce, ya cire hularsa, furfura a waje, ya zauna a ƙasa gaban sa'annin 'ya'yansa. Sabo kuwa ya ɗauki bidiyo ya watsa a guruf.

Na sami Sabo na wanke shi tas, marar kunyar ya ce wasa ne, kuma ai ba shi ya karanta ba. Wallahi saura ƙiris in mare shi.

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Da na sake buɗe shafin don in zagi wanda ya rubuta, ashe ni ne. Tun ina makaranta na rubuta da sunan bogi, har na manta da shi. A mota na tsinci labarin, ban tambayi Baba ba, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa.

Yanzu Baba ya daina bin layin majalisarmu. Jiya ya kira ni ya ce tunda masu ilimi sun rubuta, wataƙila shi ne tsufa ya ruɗa, kada in ba 'ya'yana labarin rijiyar.

To jama'a, in goge shafin in ja bakina, ko in tara majalisar, in cire tawa hular a gabansa, in faɗa masa ko wane ne mai ilimin?