Gem ɗin da Ba Ya Jiran Wuta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya aiki, ya Hajara da yara? Inna tana gaishe ka.

Ka tuna gem ɗin da ka aiko, wanda Baba ya ce ba zai ciyar da kowa ba? Ranar kasuwar Gummi sunka ɗauke wuta, shagunan gem duk sunka rufe. Ni ko na zare nawa daga jikin talabijin, na kai shi inuwar 'yan kabu-kabu, ana bugawa a hannu ana biya na kuɗi. Yaya, layi sunka yi! Wani har fasinja ya sallama don kada a tsallake shi.

Jiya Baba da kanshi ya tambaye ni ko na sa shi caji.

Ka aiko na biyu. A taya mu addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Bello