Na Ba Matata Jini, An Ce Ta Zama Ƙanwata

Malama Uwani, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni makiyayi ne, ina ɗan noma kuma, kusa da Nasarawar Burkullu. Da kakar bara matata Hure ta haihu, jini ya ɓalle mata, har tafin hannunta ya koma fari fat. Muka sa ta motar hatsi zuwa asibiti a Gummi. Likita ya ce sai an ƙara mata jini. Aka gwada na yayanta Dikko, bai yi ba. Aka gwada nawa, aka ce ya zo ɗaya da nata. Suka ɗibi kwalba guda suka sa mata, ta tashi. Ni ko jiri ban ji ba.

Da muka dawo gida, labari ya kai ga mahaifinta, Bappa Manu. Ya ce in nonon mace ɗaya yana haramta aure, ina ga jini tsantsa? Wai tunda nawa ya dace da nata, na Dikko bai dace ba, na fi Dikko zama ɗan'uwanta. Ya aiko aka tafi da ita da ɗiyar da ta haifa. Ba a yi faɗa ba, ni ma ban hana ba, don tsoro ya kama ni. Wata shida ke nan, ban je ba, ban aika ba. Innata ta ce in sake ta a huta. Ban iya ba, ina son matata, amma ina tsoron haram. Wanga jini nawa yana jikinta har abada?

Mai Neman Mafita, ƙasar Bukkuyum

Malam Mai Neman Mafita,

Bappa Manu ba mugunta ya yi maka ba. Tsoron Allah ya sa shi, sai dai ya yi ƙiyasi inda ba wurinsa ba. Na tambayi malamai: shayarwa ce ke haramta aure, da sharuɗɗanta, ƙarin jini bai shiga ciki ba.

Jini kuwa haɗi ne. Fiye da rabinsa ruwa ne mai ɗauke da abinci. A cikin ruwan akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska daga huhu, da farare masu yaƙar cuta, da wasu ƙanana masu sa jini ya daskare in an yanke. Zuciya ke tura shi cikin jijiyoyi, ya zaga jiki ya komo, ba ya tsayawa. Jajayen nan ba sa wuce wata huɗu, ɓargon ƙashi ke ƙera sababbi. Ke nan naka ya gama aikinsa ya ƙare tuni, wanda ke gudu a jikin Hure yau nata ne.

Dacewar jini ma ba shaidar zumunta ba ce. Manyan rukunonin jini huɗu ne kacal a duk duniya. Baƙo daga Legas yana iya dacewa da ita, wanda suka sha nono ɗaya ya kasa.

Kada ka tunkari surukinka da gardama, dattijo ne. Nemi malamin da shi kansa yake ganin girmansa, ku je tare, malamin ya yi magana.

Amma kai ma da naka. An tafi da mace mai jego kana kallo, wata shida ko aike babu. Ba ta san kana neman mafita ba, abin da ta sani kawai ka yi shiru. Tun kafin ka nemi malami, aika mata yau cewa ba ka sake ta ba, kuma kana tafe.

Allah ya mayar maka da iyalinka lafiya.

Malama Uwani